Ƙidayar Koriyanci mai asali daga Sinanci: ita kaɗai za ta wadatar?

Bakatsine_92
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga waɗanda suka yi nisa a Koriyanci. Harshen yana da ƙidaya iri biyu, ta gargajiya mai hana, dul, set (ɗaya, biyu, uku), da wadda aka aro daga Sinanci mai il, i, sam. A ganina ta biyun ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma da ita ake faɗin kuɗi da kwanan wata da lambar waya. Shin mai koyo zai iya riƙe ta ita kaɗai, ya jingine ta gargajiya sai gaba? Kuma a ina aka fi tuntuɓe a cikinta?

Mai_Alli
Wa alaikumus salam. Batun sauƙi ka yi gaskiya. Ɗaya zuwa goma: il, i, sam, sa, o, yuk, chil, pal, gu, sip. Sai baek 100, cheon 1,000, man 10,000. Kalmomi 13 ke nan, kuma da su za ka faɗi kowace lamba har 99,999,999 ba ka nemi wata sabuwa ba. Ginin ma ba wuya: lambar da ta zo kafin sip ninkawa take yi, wadda ta zo bayansa ƙari ce. I-sip 20, sip-i 12. Sam-sip-o 35. Gu-baek-pal-sip-chil 987. Babu wata kalma mai aikin "da" ko "sha" a tsakani, jerawa kawai ake yi. Inda babu komai a wani gurbi sai ka tsallake shi, 2,005 icheon-o ne, ba a ambaton sifili.

Amma ka ce ita kaɗai? Ba za ta kai ka ba, ɗan'uwa. Agogo kaɗai ya isa ya tsayar da kai. Awa da ƙidayar gargajiya ake faɗinta, minti da ta Sinanci. Ƙarfe 3:20 se si isip bun ne. Ƙarfe 12:12 yeoldu si sibi bun, lamba ɗaya, kalma biyu daban a jimla guda.

Uwar_Hanan
Ƙari a kan na Malam Mai_Alli. Abin da ke yanke hukunci ba lambar ba ce, kalmar da ke binta ce. Won na kuɗi, nyeon na shekara, wol na sunan wata, il na rana, bun na minti, cho na daƙiƙa, cheung na hawan bene, do na zafi ko sanyi, mita da kilo, duk ta Sinanci suke ɗauka. Gae na kaya, myeong na mutane, mari na dabbobi, jan na kofi, byeong na kwalba, sal na shekarun haihuwa, waɗannan ta gargajiya. Don haka kada a haddace lambobi su kaɗai tsirara. A haddace su manne da abin da suke ƙirgawa: sam cheung, o bun, cheon won.

Ɗan_Maraɗi
Duk abin da aka faɗa a sama wasa ne idan aka kwatanta da man. Nan ne ake faɗuwa. Mu mun saba yanka lamba uku-uku, dubu, miliyan, biliyan. Su huɗu-huɗu suke yankawa: man sifili 4, eok sifili 8, jo sifili 12. Babu kalmar miliyan ko kaɗan. 100,000 goma ce ta man, simman. Miliyan ɗaya ɗari ce ta man, baengman. Miliyan goma cheonman. Abin haushin kuma, a rubuce waƙafin nan bayan lamba uku suke sa shi kamar kowa, ido yana ganin uku-uku, baki yana faɗin huɗu-huɗu.

Dabarar karantawa: ka manta da waƙafin, ka ƙirga lambobi huɗu daga dama ka ja layi. 350,000 ya zama 35 | 0000, sai ka karanta 35 ka ƙara man, samsiboman. 1,250,000 ya zama 125 | 0000, baek-isiboman. 12,500 ya zama 1 | 2500, man icheon obaek.

Mu nan Nijar mun san irin wannan aiki, tunda farashi yana rubuce da sefa amma a baki da dala ake ciniki, dala ɗaya sefa 5. Wanda ya iya kasuwa ba ya tsayawa raba 500 gida biyar, ya riga ya san dala ɗari ce, ya san 1,000 jikka ce. Haka za ka yi da man. Ka kafa turaku uku a kanka, simman, baengman, cheonman, ka daina lissafi duk lokacin da aka faɗi farashi.

Zazzagawa
To 10,000 ɗin ba ilman ba ne? Tunda 20,000 iman ne, 30,000 samman, ai ƙa'ida ta nuna ɗaya ma a sa mata il.

Ɗan_Maraɗi
A'a. A magana man kawai ake cewa. Haka baek da cheon da sip, ba a sa musu il a gaba. Man won, cheon won, baek won. Inda za ka ga ilman shi ne a takardun kuɗi irin cek da yarjejeniya, inda ake rubuta adadin da kalmomi don kada wani ya ƙara lamba a gaba.

Mai_Alli
Sai dai a kula, wannan yar da il ɗin bai kai kan eok ba. Miliyan 100 ireok ne, da il ɗinsa. Haka jo, iljo. Mutane da yawa suna ɗaukar ƙa'idar man su shimfiɗa ta kan duka, sai su ce eok won, abin ya fito gurgu.

Ga wani tarko da ya fi wannan. 11,000 man cheon ne. 110,000 kuwa sibilman, wato man sha ɗaya, a nan il dole ne domin wani ɓangare ne na 11. Idan ka ce simman cheon ka faɗi 101,000. Ku rubuta ukun a jere ku yi ta maimaitawa: 11,000, 101,000, 110,000. Wanda ya raba su ba tare da tsayawa ba, ya kama man.

Hajiyar_Lissafi
Dokar rubutun Koriya ta Kudu ma tana taimakawa. Idan za a rubuta lamba da kalmomi, a gurbin man ake barin fili, ba a dubu ba. Shi ya sa jaridunsu kan haɗa biyun su rubuta kamar 12억 3456만, lambobi a gaba, eok da man a baya. Wannan ya fi sauƙin karantawa a kan dogon jerin sifili. Mai koyo ya riƙa rubuta farashi haka a littafinsa, 35만 maimakon 350,000, ido zai saba.

Don gwaji: 123,456,789. A yanka 1 | 2345 | 6789. Ireok, icheon sambaek sasiboman, yukcheon chilbaek palsipgu. Yawan mutanen Koriya ta Kudu kusan miliyan 51 ne, wato 5100 man, ocheon baengman.

Bakatsine_92
Na gode ƙwarai. Amma na lura kuna rubuta simman da baengman, alhali sip da baek aka ce. Kuskuren rubutu ne ko da dalili?

Malam_Furuci
Da dalili. A rubutun Hangul, wato haruffan Koriyanci, sip da baek ba sa canzawa, baki ne ke canza su. Duk baƙin da ya rufe gaɓa, p ko k ko t, idan ya ci karo da m ko n sai ya koma ta hanci: p ya zama m, k ya zama ng. Sip da man, simman. Baek da man, baengman. Yuk da man, yungman. Sip da nyeon, shekara goma, simnyeon.

Shida ce ta fi kowa rigima. Asalin kalmar ryuk ce, kuma a Koriya ta Arewa har yanzu ryuk ake rubutawa. A Kudu akwai ƙa'idar da ke sauke r a farkon irin waɗannan kalmomi, sai ta zama yuk. To idan ta shiga tsakiyar lamba ba ta fitowa yadda aka rubuta ta. 16 a rubuce sip-yuk, a baki simnyuk. 26 isimnyuk. 106 baengnyuk. A jerin lambar waya, 3-6 samnyuk, 1-6 illyuk, 7-6 chillyuk, 5-6 oryuk. Wanda ya haddace sip-yuk da ido kawai, in aka ce masa simnyuk ba zai gane 16 aka faɗa ba. Yawancin masu cewa 'yan Koriya suna saurin magana, wannan ne ke cin su, ba saurin ba.

Sai kuma janyewar baƙi zuwa wasalin gaba: sip-il ya zama sibil, sip-i sibi, sip-o sibo.

Mu Hausawa muna da namu matsalolin daban. Na farko, ƙara wasali a ƙarshe: yuku, sipi, beki. Baƙin ƙarshen nan ba a sakinsa. A sip leɓe ya rufe ya tsaya a rufe, a yuk harshe ya toshe can baya ya tsaya. Na biyu, p da f. Koriyanci ba shi da f sam, don haka pal sai an haɗe leɓe sosai sannan a sake shi da iska mai ƙarfi, kada ya zame ya koma fal. Na uku, s kafin i kamar sh take fita, sip kusan ship ne. Abin da ya zo mana da sauƙi, ch ɗin rubutun boko c ɗinmu ce, chil kamar cil. Shi kuma eo wasali ɗaya ne, o buɗaɗɗe ba tare da tattara leɓe ba, cheon gaɓa ɗaya ce, ba ce-on ba.

'Yar_Gobir
Watanni ma a saka su a lissafi. Ba su da sunaye, lamba ce da wol: irwol, iwol, samwol, sawol, owol, har sibiwol. Biyu ne suka fita daga layi, kuma su har a rubuce: Yuni yuwol ne ba yugwol ba, Oktoba siwol ne ba sibwol ba. Ranar Hangul, 9 ga Oktoba, siwol guil.

Inda kunne ke shan wahala shi ne Janairu da Fabrairu, irwol da iwol, sai Nuwamba da Disamba, sibirwol da sibiwol. Ɗan r guda ne tsakaninsu. Rana ma il ce, kamar ɗaya, don haka 1 ga Janairu irwol iril, 2 ga Fabrairu iwol iil, 21 ga wata isibiril. Tsarin kuwa daga babba zuwa ƙarami, shekara, wata, rana. Shekarar kamar kowace lamba ake karanta ta cikakkiya, 1988 da aka yi gasar Olamfik a Seoul cheon gubaek palsippal nyeon ne, ba a raba ta biyu-biyu.

Zazzagawa
Ke nan ranar fara yaƙin Koriya, 25 ga Yuni 1950, da suke rubutawa 6.25, yuwol isibo za a karanta?

'Yar_Gobir
Idan kwanan wata kake faɗi, yuwol isiboil. Amma idan sunan abin da ya faru ne, lamba-lamba ake karantawa, yuk-i-o, a baki yugio. Haka 8.15, ranar samun 'yanci daga Japan a 1945, pal-il-o, a baki pariro. Haka 3.1, boren neman 'yanci na 1 ga Maris 1919, samil, shi ya sa hutun ranar ake ce masa Samiljeol.

Injiniya_Kano
Sifili biyu ne. Yeong a lissafi da awon zafi da bayan ɗigo, gong a jerin lambobi. Lambar wayar hannu a Koriya ta Kudu galibi da 010 take farawa, gong-il-gong. Ta Seoul ta gida 02, gong-i. 'Yan sanda 112, il-il-i, kwana-kwana da motar asibiti 119, il-il-gu. Ɗigo kuwa jeom ne, abin da ke bayansa ɗaya-ɗaya ake karantawa: 0.5 yeong jeom o, 3.14 sam jeom il sa.

A waya il da i suna kama, sam da sa ma haka. Abin da suke yi in layi ba kyau, sai su sauya zuwa ta gargajiya a wurin da ake shakka, su ce hana maimakon il, dul maimakon i. Sojojin atilare sun mai da shi ƙa'ida, suna da jeri gauraye: hana, dul, sam, net, o, yeoseot, chil, pal, ahop, gong. Wannan ma amsa ce ga mai tambaya. Ko a lambar waya, wadda filin ta Sinanci ce zalla, za a jefo maka hana da dul.

Ɗan_Tasha
Ni dai ina ganin an tsananta. Mutumin da zai je na ɗan lokaci, ko mai odar kaya, me yake buƙata? Farashi, lambar bas, lambar ƙofar fita a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, hawan bene, kwanan wata. I hoseon layi na biyu, sam beon chulgu ƙofa ta uku, o cheung hawa na biyar. Duk ta Sinanci. Kuɗin takarda ma huɗu ne kacal, cheon won, ocheon won, man won mai hoton Sarki Sejong, da oman won da aka fitar a 2009. In ya ce il gae maimakon han gae, mai shago zai gane ɗaya yake so. A gidan gasa nama ma i inbun, sam inbun ake cewa, abincin mutum biyu, na mutum uku. Ya fara da wannan, sauran ta biyo baya.

Uwar_Hanan
Zai gane a gae, Ɗan_Tasha, domin babu wata ma'ana ta biyu. Amma akwai kalmomin da sauya ƙidaya ke sauya zancen gaba ɗaya. Sam bun minti uku, se bun mutum uku cikin girmamawa, abin da ma'aikacin gidan abinci zai faɗa ke nan in ya tarbe ku a ƙofa. Il beon lamba ta ɗaya, han beon sau ɗaya. Sam cheung hawa na uku, se cheung hawa uku. Il gwon juzu'i na farko, han gwon littafi guda. Galibi ta Sinanci tana nuna matsayi ko suna a jeri, ta gargajiya tana nuna yawa. Wanda bai san ɗaya ba, ɗayar ma rabi ya sani.

Kuma abin da ake buƙata daga ta gargajiya ba shi da yawa. Ɗaya zuwa sha biyu saboda agogo, da gajerun siffofin han, du, se, ne, seumu (1, 2, 3, 4, 20) da ke zuwa kafin kalmomin ƙirga irin su gae da myeong. Aikin mako guda ne ga mai himma.

Ɗan_Tasha
To ai kusan magana ɗaya muke yi, Hajiya. Seoreun, maheun, swin, yesun, ilheun, yeodeun, aheun, wato 30 zuwa 90 a ta gargajiya, waɗannan su ne masu wahalar, kuma su za a iya jinkirtawa. Idan adadi ya yi yawa su kansu samsip myeong, osip gae suke cewa. Ta gargajiya ma a 99 ta tsaya a amfanin yau, daga 100 dole baek.

Mai_Alli
Za a iya jinkirta su sai an zo shekarun haihuwa. A hira seoreun sal, maheun sal ake cewa, kuma tambayar shekaru tana zuwa da wuri a can domin da ita ake sanin irin girmamawar da za a yi wa juna a magana. Akwai hanyar ta Sinanci, samsip se, sasip se, amma wannan ta takardu ce da labarai. Abin da bai kamata ba shi ne gauraya, seoreun se ba ya tafiya.

Tsawon lokaci ma biyu ne. Wata uku, sam gaewol ko se dal. Samwol kuwa Maris ne, kada a haɗa. Awa uku se sigan, mako uku sam ju. Kwana uku sam il, kuma akwai na gargajiya haru, iteul, saheul, naheul, kwana ɗaya zuwa huɗu. Saheul kwana uku ne duk da ya fara da sa, abin da ke rikita har wasu 'yan ƙasar.

Hajiyar_Lissafi
Tunda an taɓo sa, wato 4: furucinta ɗaya da kalmar Sinanci mai nufin mutuwa, shi ya sa a wasu gine-gine, musamman asibitoci, za ka ga F a maɓallin lif a gurbin 4, ko a tsallake lambar. In aka ce maka sa cheung ka shiga ba ka ga 4 ba, F ɗin za ka danna.

Ga masu karatun kimiyya ko lissafi: a kaso, na ƙasa ake fara faɗi. Ɗaya bisa uku sambunui il, a baki sambune il, wato uku ta riga ɗaya. Uku bisa huɗu sabunui sam. Wanda ya bi tsarin da ya saba zai juya su.

Injiniya_Kano
Gyara kaɗan ga batun agogo da aka yi a sama. Ba a ko'ina awa ke ɗaukar ta gargajiya ba. A tsarin awa 24, irin na soja da jadawalin jirage, 13:00 sipsam si ne, 18:30 sippal si samsip bun. Amma a hira ba wanda zai ce maka haka, ohu han si zai ce, ƙarfe ɗaya na rana. Rabin awa kuma ban ake ce masa, se si ban 3:30.

Bakatsine_92
To a aikace, wane tsari zan bi? Ina iya jera il zuwa sip, amma in aka faɗi farashi sai an gama ina nan ina juya shi a kai.

Malam_Furuci
Jerawa ba ta da amfani bayan kwana biyun farko, domin ba wanda zai faɗa maka lamba a jere. Ka rubuta 0 zuwa 9 a ƙananan takardu ka gauraya, ka ɗauko bibbiyu ka faɗa da ƙarfi, sannan uku-uku, sannan huɗu-huɗu. Kada ka wuce zuwa man sai lamba mai gurbi huɗu tana fita ba tsayawa, tunda duk babbar lamba irin wannan ce aka jera sau biyu ko uku. Bayan haka ka juya aikin, kunne ke nan: ka sa na'urar karanta rubutu ta waya a Koriyanci ta faɗi lambobi, kai kuma ka rubuta da alƙalami. Ka yawaita masu 6 a ciki, da 11, 12, 21, 22. Ka rubuta kai tsaye da adadi, kada ka bi ta Hausa ko Turanci a tsakani, nan ne lokacin ke tafiya.

Ɗan_Maraɗi
Na ƙara da takardar farashi. Ka buɗe kowane shagon intanet na Koriya ka karanta farashin kaya da baki. Za ka ga yawancinsu irin 9,900 da 19,800 da 39,000 ne, gucheon gubaek, man gucheon palbaek, samman gucheon. Waɗannan su za ka fi ji. In ka koma farashin mota sai cheonman, na gida kuma eok.

'Yar_Gobir
Ni ban yarda a bar ta gargajiya sai an gama wannan duka ba. Idan baki ya saba da il, i, sam a kan komai, cire il gae daga harshe daga baya ya fi koyon han gae tun farko wuya. A haɗa su tun makon farko ta hanyar agogo, duk lokacin da ka duba waya ka faɗi lokacin, ka yi biyun a numfashi ɗaya.

Ɗan_Tasha
Haɗa su tun farko ne ke sa mutane cewa sam si da se bun a juye. Ɗaya ta zauna tukuna.

Zazzagawa
Wani ya duba mini wannan kafin a tashi: 2,160,000 won, ibaek simnyungman won ne?

Malam_Furuci
Daidai. 216 | 0000. Sip-yuk ya zama simnyuk, k ɗin ƙarshe ya haɗu da m na man ya koma ng. Gwada 6,060,600.